Yadda ake gina busasshen rafi a farfajiyar gida

Duk wanda yake zaune a gidan kwano a ƙasar Hausa ya san halin da ake shiga a watan Agusta. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, kafin a gama kwashe shanya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya yi ta kwarara wuri guda har ya haƙa rami a gindin bango. Daga nan ruwan ya yanki hanyarsa ta tsakar gida, ya ɗebi ƙasa da shara ya kai bakin rariya ya toshe ta. Da safe sai a tashi da taɓo, da kwazazzabo ɗan ƙarami wanda kowace damina yake ƙara faɗi.

Maganin da akasarin masu gida suka sani shi ne a kira birkila ya malale farfajiyar da kankare tun daga ƙofa har katanga. Taɓo kam ya ƙare. Amma a watan Afrilu simintin nan yakan ɗauki zafi ya riƙe har tsakar dare, ruwan da ya kamata ya nutse a gidanka kuma ya tafi layi ya haɗu da na maƙwabta ya cika kwata. Ni abin da na fi so, kuma na yi shi a gidana, shi ne busasshen rafi: hanyar ruwa mara zurfi da ake haƙawa a shimfiɗe ta da duwatsu da tsakuwa, a yi mata lanƙwasa irin ta korama. Idan ana ruwa sai ta karɓe shi, ta rage masa gudu, ta bar ƙasa ta sha abin da za ta iya sha. Da rani kuwa, wata bakwai ko takwas, tana nan a bushe ta zama ado.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Mutanen Japan sun daɗe suna yin lambun da babu ɗigon ruwa a cikinsa, tsakuwa ce take tsayawa a madadin ruwa; mafi shahara shi ne na wurin ibadar Ryoan-ji a birnin Kyoto, mai duwatsu 15. Su kyau suke nema. Manoman Yatenga a Burkina Faso da na yankin Keita a jihar Tawa ta Nijar kuma suna jera duwatsu a gona don su tare ruwa ya nutse, ƙasa ta daina tafiya. Su abinci suke nema. Busasshen rafi na gida ya haɗa buƙatun nan biyu, amma ka riƙe wannan: aikin ruwa shi ne farko, ado na biye. Rafin da ya yi kyau a hoto ya kasa ɗaukar ruwan sama, asarar kuɗi ce.

Mataki na farko: kalli ruwan, ka yi lissafinsa

Kada ka taɓa shebur sai ka ga ruwa yana gudu a gidanka da idonka. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka fita. Duba inda yake saukowa daga kwano, inda yake taruwa, inda yake gudu da ƙarfi, da inda yake fita. Kafa ƴan turaku a bin hanyar, ko ka ɗauki hoto da waya. Ruwa ya riga ya zaɓi hanyarsa tun kafin ka zo, kuma idan ka ce sai ka juya shi ya hau tudu, wahala za ka sha. Aikinka shi ne ka gyara masa hanyar da ya zaɓa, ka ɗan karkatar da ita daga jikin gini.

Sai lissafi, kuma mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan rufin ɗakunanka ya kai murabba'in mita 100, wato kamar mita 10 sau 10, aka yi ruwa na milimita 30, to lita 3,000 ce ta sauko, duro 15 ke nan na lita 200. Ruwan milimita 30 a yini guda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, har a wurare irin su Damagaram da Maraɗi da ruwansu na shekara bai kai rabin na Kaduna ko Jos ba. Abin da ya fi muhimmanci a nan ba jimillar ruwan shekara ba ne, yawan da yake sauka cikin sa'a ɗaya ne. Ruwan ƙasarmu a fusace yake zuwa. Saboda haka in za ka yi kuskure a awo, gara rafin ya yi girma da ya yi ƙanƙanta.

Daga nan ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin santimita 30 a inda kake so rafin ya ƙare, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Wannan cikawa ta biyu ita ce abin lura. In ruwan ya ɓace cikin ƴan sa'o'i, ƙasarka jigawa ce ko mai yashi, ka ji daɗi. In ya kwana ya wuni yana nan, laka ce ko marmara ce a ƙasa, to rafinka zai zama na wucewa da ruwa ne kawai, kada ka dogara da nutsewa, ka tabbata yana da mafita mai kyau.

Mataki na biyu: ina ruwan zai ƙare?

Wannan tambaya ita ce mutane suke tsallakewa, kuma ita ce take jawo rigima. Kafin ka zana farkon rafi, ka san ƙarshensa.

Mafi kyau shi ne ya ƙare a wani ɗan kwari mai faɗi mara zurfi, inda ruwa zai kwanta na ɗan lokaci ya nutse. Kwari mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin santimita 20 yana ɗaukar kusan lita 1,200. Ka ga ke nan ba zai shanye duk ruwan rufin da muka lissafa ba, don haka dole a yi masa baki ta inda rara za ta malala zuwa rariya ko kwatar layi. Bakin nan ya kasance ƙasa da dandamalin ɗakuna sosai, yadda ko kwarin ya cika ya batse ruwa ba zai koma ciki ba.

Akwai wuraren da ba a yarda ruwa ya nutse kusa da su ba. Bar aƙalla mita 3 tsakanin kwarin da harsashin kowane gini, har da katanga, kuma in ginin ƙasa ne ka ƙara. Nisanta shi da ramin masai, domin ruwa zai cika shi ko ya rusa gefensa. Kada ka kai shi bakin rijiya, musamman in akwai dabbobi a gidan da ruwa zai wanko kashinsu. Sannan haƙƙin maƙwabtaka: kada ka sako ruwanka a gindin katangar wani. Na ga zumuncin shekaru ya lalace saboda rariya ɗaya da aka karkata ba da shawara ba. In mafitar ta shafi maƙwabci, ka je ka same shi ku tsaya a wurin ku duba tare.

Mataki na uku: zana hanyar a ƙasa

Ɗauki doguwar igiya ko tiyon ban ruwa ka shimfiɗa a ƙasa, ka bi turakun da ka kafa. Kada ka miƙe shi ɗoɗar kamar lambatu. Ka taɓa zuwa bakin korama da rani ka lura? Tana tafiya ne tana karkata, nan ta matse, can ta buɗe ta yi fili. Haka za ka yi. A tsawon mita 10, lanƙwasa biyu masu laushi sun isa. In suka yi yawa ko suka yi kaifi, ruwa mai ƙarfi zai tsallake gaɓa ya miƙe abinsa. Farkon rafin ya fi ƙanƙanta, yana tafiya yana buɗewa.

Idan ka shimfiɗa igiyar, koma inda kuka saba zama da yamma ka kalla, ka leƙa ta taga, ka tsaya a ƙofar shigowa. Gyara har sai idonka ya kwanta. In akwai hali, bari wani ɓangare ya ɓuya a bayan bishiya ko kwanar ɗaki, domin rafin da ba a ganin farkonsa da ƙarshensa a kallo ɗaya ya fi kama da na Allah. Ka tambayi matan gida ma, su suka san inda ake shanya, inda ake ajiye turmi, da hanyar da ake bi zuwa madafa da kaya a hannu. Tun ran gini ran zane. Idan kowa ya gamsu, sai ka bi gefen igiyar biyu da toka ka shata.

Faɗin da ya dace da gida matsakaici shi ne santimita 90 zuwa mita 1 da ɗan kai a sama, zurfi kuma santimita 30. Ka tuna tsakuwa za ta cinye kusan santimita 10 na zurfin. Faɗi ya ninka zurfi sau uku ko kusa da haka.

Mataki na huɗu: haƙa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙasa tana da sauran laima. In ka bari sai Maris, diga ma tsalle take yi. Kayan aiki ba su da yawa: diga, shebur, baro, manjagara, kwanon sarki, tef na awo, da siririn tiyo mai garai-garai irin wanda birkiloli suke ɗaukar lebur da shi. Kafin a sara ko'ina, ka binciki inda bututun famfo da wayar lantarki suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. In ba kai ka gina gidan ba, ka nemi wanda ya sani.

A fara haƙa daga ƙarshe a yo sama. Hikimar ita ce, in ruwa ya riske ku ana cikin aiki, yana da wurin tafiya. Cikin ramin ya zama kamar akushi, gefensa a kwance, ba a tsaye kamar ramin fandisho ba. Gefe a tsaye zaftarewa yake yi, kuma dutse ba ya zama a kansa. Lebura ya saba da haƙan gini, don haka sai ka tsaya a kansa ka nuna masa, in ba haka ba zai yanka maka kwata mai kusurwa huɗu.

Gangara ita ce ran aikin. Ana so ƙasan rafin ya riƙa sauka santimita 2 a kowace mita, wato a tsawon mita 10 ƙarshe ya fi farko zurfi da santimita 20. Ga yadda ake aunawa: cika tiyon da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turke a farkon rafi, wani ya riƙe ɗayan a jikin turken da ke gaba. Inda ruwan ya tsaya a bakunan biyu, tsayinsu ɗaya ne. A yi alama a turakun, sannan a auna da tef daga alamar zuwa ƙasan rami. Bambancin awon biyu shi ne gangararka. Yi haka a kowace mita 2, kada ka yarda da ido kawai, domin ido yana ruɗi a fili.

Ƙasar da aka haƙo kada a zubar. Ta sama, mai duhu, a ware ta don shuka. Ta ƙasa a yi ƴan tuddai da ita a gefen rafi, musamman ɓangaren da yake fuskantar ɗakuna. Idan an gama, a daddaɓe cikin ramin, a tsince saiwoyi, sannan a kwara bokiti uku ko huɗu daga sama a ga yadda ruwan zai bi. Inda ya tsaya ya yi tafki, a gyara yanzu, kafin dutse ya hau.

Mataki na biyar: shimfiɗa

Mita 3 na farko, daga gindin indararo, nan ne kaɗai ba a so ruwa ya nutse, saboda yana kusa da gini. A nan ka shimfiɗa leda mai kauri ninki biyu, ko a yi ɗan daɓen siminti, a ɗora duwatsu a kai. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa leda haramiyarka ce, domin ita za ta mayar da rafin kududdufi.

Abin da ake shimfiɗawa a sauran shi ne ƙyallen nan mai kama da bargo da masu aikin titi suke sawa ƙarƙashin tsakuwa, wanda ruwa yake ratsa shi amma ƙasa ba ta ratsawa. Amfaninsa biyu: yana hana tsakuwa nutsewa cikin taɓo, yana rage ciyawa. In ba ka samu ba, buhunan saƙa irin na masara ko shinkafa suna yi, muddin ba masu leda a ciki ba ne. Zuba ruwa a kan ɗaya ka gani ko yana ɗiga. A farke su, a fara jerawa daga ƙarshen rafi, kowane na sama ya hau kan na ƙasa da kamar taƙi ɗaya, yadda ake jera kwanon rufi. A bar rara a gefe, duwatsu za su danne ta. Duk inda buhu ya leƙo rana za ta cinye shi ya zama gari, don haka a rufe shi ruf.

Mataki na shida: duwatsu

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma yake cin lokaci.

Kana buƙatar girma uku. Manya, daga girman kan mutum zuwa girman tulu, na gaɓa. Matsakaita, kamar mangwaro ko dunƙulen hannu, na cike tsakani. Sai ƙanana, kamar goro zuwa ƙwan zabo, na shimfiɗar ciki. Duk abin da ya gaza goro kada ya shiga tsakiyar rafi. Karon farko da na yi nawa, na sayi farar tsakuwa ƙanana saboda kyanta, na zuba a hanya miƙaƙƙiya. Ruwan farko na watan Yuni ya kwashe ta ya tara a bakin rariya, ruwa ya dawo baya har ƙofar ɗaki. Sai da na kwashe komai na sake, kuma daga ranar na san nauyin dutse ya fi launinsa muhimmanci.

Ga lissafin ƙananan: rafi mai tsawon mita 10, faɗin mita 1, kaurin tsakuwa santimita 10, zai ci kubik mita 1, wato wajen baro 16, nauyinsa kuma ya kai tan ɗaya da rabi. Manyan kuwa, 20 zuwa 30 sun isa wannan tsawo. In tifa za ta kawo, a sauke kusa da wurin aiki gwargwadon iko.

Wane irin dutse? Wanda yake kusa da kai. Mutumin Jos ko Zariya ko Dutse ko Damagaram yana zaune cikin duwatsu masu kyau, waɗanda rana da ruwa suka goge musu kaifi. Inda marmara ta fi yawa, a yi da marmara. Janta yana hawa da jar ƙasa ƙwarai, ga ta da ramuka masu riƙe laima, sai dai tana marmashewa a hankali, don haka ta fi dacewa da gaɓa. Tsakuwar injin fasa dutse tana da kaifi, ba ta da kyan ta kogi, amma tana cije juna ba ta gangarawa, kuma ta fi araha. Mulmulallen dutsen kogi ya fi kowanne kyau, amma ka saya a hannun masu sayarwa da izini, kada ka je ka yashe gaɓar koramar wani ƙauye ka bar su da zaizaya. Ka tsaya a kan launi ɗaya ko biyu. Kuma ka guji baƙin dutse da yawa a fili mara inuwa, domin a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara yake haura digiri 40, zai zama murhu a tsakar gida.

Manya ake fara sawa. Kowane ɗaya a haƙa masa gurbi a binne kashi ɗaya cikin uku nasa, ya zauna daram kamar a nan aka halicce shi. Dutsen da aka ɗora a kan ƙasa kawai, ko yaro ya gan shi ya san ajiye shi aka yi, kuma ruwa zai rarake ƙarƙashinsa. Juya shi ka nemi fuskarsa mafi kyau, ka sa faffaɗan gefen a ƙasa. Kada ka jera su sahu ɗaya kamar haƙora. Tara uku a nan, ɗaya shi kaɗai can, bar wani wuri babu komai sai tsakuwa da ciyawa.

Mafi girma a kai su bayan lanƙwasa. Dalili shi ne, ruwa idan ya zo kwana, gaɓar waje yake duka da ƙarfi yana ci, a ta ciki kuma yake sauke yashi. Saboda haka waje dutse mai nauyi, ciki ƙananan tsakuwa a baje kamar ɗan tsibiri. Wannan abu ɗaya shi ne yake sa mai kallo ya ji kamar ruwa ne ya shirya wurin da kansa.

A gindin indararo a sa faffaɗan dutse guda, a ɗan karkata shi ya fuskanci rafi, a kewaye shi da matsakaita. Shi zai karɓi dukan ruwan. In gidanka yana kan gangara mai ƙarfi, fiye da santimita 5 a kowace mita, to a yi wa rafin matakala: kowace mita 2 ko 3 a gitta jerin duwatsu masu tsayin taƙi ɗaya, tsakiyarsu ya fi gefe ƙasa domin ruwa ya bi ta tsakiya, a kuma shimfiɗa matsakaita a inda zai faɗo. In rafin ya ratsa hanyar da ake bi, a kafa faffaɗan duwatsu biyu ko uku na takawa, a gwada su da ƙafa a tabbata ba sa motsi, saboda tsofaffi da mai ɗauke da tukunya.

Bayan manya sai matsakaita, a cusa su tsakanin manyan da gindinsu. A ƙarshe a wanke ƙananan a baro, domin ƙurar dutse tana toshe shimfiɗa, a zuba a baje da manjagara. Tsakiyar rafi ta ci gaba da zama a lotse. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ramin da tsakuwa har ya yi daidai da ƙasa, ruwa ya zo ya rasa wurin bi.

Ka ɗauke dutse da gwiwa, ba da ƙugu ba, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuma a mirgina shi a kan katako.

Batun kunama da maciji da sauro

Duk wanda na nuna wa rafina, tambayar da yake fara yi ke nan, kuma tambaya ce mai kyau. Kunama da maciji kogo suke nema. In ka binne gindin manyan duwatsu, ka cike duk wani rami da ke tsakaninsu da tsakuwa da ƙasa ka danna, ka rage musu wurin ɓuya ƙwarai. Kada a bar ragowar duwatsu a jibge a lungu, kada ciyawa ta yi duhu, kada a tara itace ko shara kusa, domin su suke kawo ɓera, ɓera kuma ya kawo maciji. In za ka ɗaga dutse, fara juya shi da shebur. Yara su saba sa takalmi da dare.

Sauro kuwa yana buƙatar ruwa a kwance wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Ƙa'idar ita ce ruwa ya ɓace daga rafi da kwarin cikin kwana biyu. In ya wuce haka, ƙara zurfin bakin mafita ko ka buɗe shi. Kuma kada a mayar da rafin wurin zubar da ruwan wanke-wanke ko na wanki. Maiƙo da sabulu za su liƙe tsakuwar, wari ya tashi. A faɗa wa kowa a gidan tun ranar farko.

Mataki na bakwai: shuka

Jira farkon damina, sannan ka shuka. Dutse tsirara ba ya kama da rafi sai kore ya rufe masa gefe.

A bakin gaɓa, inda ruwa yake taɓawa, babu kamar jema, ciyawar nan ta fadama mai saiwa mai zurfi. Tana riƙe ƙasa, tana jure ambaliya da fari. Ciyawar lemo da ake sawa a shayi ita ma tana yi, ga ƙamshi ga amfani. A kan tuddan gefe, inda ruwa ba ya kwanciya, a sa moda da alobera, waɗanda ba su damu da ban ruwa ba. Shukar karya tana ba da fure mai ruwan hoda a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, kuma kusa da jan dutse kyanta ba a magana, sai dai ruwan jikinta guba ne, don haka gidan da yake da ƙananan yara ko awaki a bar ta. Lalle yana yin shinge mai kyau a baya.

A gefen kwarin ƙarshe kuwa ka sa abin da za a ci. Ayaba tana son wurin, gwaba da lemun tsami ma haka in an dasa su a kafaɗar kwarin ba a tsakiyarsa ba. Gwanda da zogale ba sa son ruwa ya kwanta a gindinsu, a kai su kan tudu. Darbejiya da ceɗiya da durumi a nisanta su: ganyensu zai cika tsakuwar, saiwarsu ta ɗaga duwatsu, ƴaƴan darbejiya kuma su tsiro a kowane saƙo. A dasa rukuni-rukuni, a bar wasu ganyaye su zubo kan dutse. In akwai awaki ko tumaki a gidan, sai an kewaye shukar har ta kama.

Damina ta farko ita ce gwajin gaske. Fita ka kalla a ruwa biyu ko uku na farko. Inda ruwa ya haura gaɓa, ɗaga ta ka ƙara dutse. Inda tsakuwa ta gudu, maye ta da mafi girma. Inda ƙasa ta lotsa a bayan dutse, cike ka danna. Kusan kowane rafi sai an yi masa irin wannan gyara, ba alamar aikin ya ɓaci ba ne.

Daga nan kulawar kaɗan ce. Bayan hunturu, ƙura da busasshen ganye sukan cika tsakanin duwatsu. A share da tsintsiyar kwakwa, a tsince leda, a cire ciyawa tun tana ƙarama kafin ta yi iri. In ruwan da yake shiga rafin yana biyowa ta kan ƙasa ne yana ɗauke da yashi, haƙa ɗan rami mai zurfin taƙi biyu a daidai mashigarsa, yashin ya riƙa zama a nan kafin ya kai tsakuwa, ka riƙa kwashewa da shebur bayan kowane babban ruwa. Duk shekara biyu ko uku, a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, kwashe ƙananan tsakuwar wuraren da suka cushe, ka tankaɗe su da ragar waya irin ta masu tankaɗen yashi, ka mayar. Lallausar ƙasar da ta fito ka zuba ta a gindin ayaba da gwaba.